Taƙi Ɗaya na Bututun Baba

Ni ban cika son a haɗa ni aiki da kowa ba. Shekara talatin da takwas ina wayarin a garin nan, kuma tun da Baba ya rasu ni kaɗai nake fita, daga ni sai jaka da tsani. Mutane suna cewa Gambo yana da baƙar zuciya. Su faɗa mana, ai ba ƙarya suka yi ba. Amma duk wanda gidansa yake na da, mai wayarin a cikin bututun ƙarfe, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, ni zai nema, ko da kuwa ba ya amsa gaisuwata a masallaci.

Ranar wata Talata Alhaji Sanusi ya kira ni wani tsohon gida da ya saya a Tarauni, yana so ya zuba ɗaliban asibitin koyarwa haya. Ya riga ya ba Murtala aikin gyaran wutar, wani mai shago a Unguwar Gano, mutum ya kusa arba'in amma bakinsa ba ya hutawa. Ni nawa kawai in auna in ce masa ko 'ya'yan mutane za su iya zama a ciki.

A irin wannan wayarin ba a jan wayar atin daban, bututun kansa shi ne atin. Idan wuta ta ɓalle ta taɓa jikin firiza ko dutsen guga, ta bututun za ta bi, gaɓa zuwa gaɓa, har ta isa sandar tagullar da aka binne a ƙasa, fiyus ya yanke, mutum ya tsira. Idan kuwa gaɓa ɗaya ta saki, ko tsatsa ta cinye ta, ko wani mai fenti ya cika ta da fenti, to wutar tsayawa za ta yi a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai taɓa. Kuma da ido ba za ka gane ba. Ƙwai zai kama, fanka za ta juya, kowa ya ce gida lafiya lau.

Na kashe babban makunni, na fito da mitar Baba mai allura, wadda samarin yanzu ke yi wa dariya. Ina da doguwar waya yadi hamsin da nake naɗewa a jikin katako. Na haɗa bakinta biyu na daidaita allurar a kan sifili, don kada tsawon wayar ya shiga cikin awon, sannan na maƙala baki ɗaya a wurin da atin ya shigo akwatin fiyus. Da can mutum biyu ke wannan aiki, ɗaya ya riƙe nan, ɗaya ya zaga. Ni maƙali mai haƙora nake sawa ya riƙe min, ba ya surutu kuma ba ya tafiya shan rake. Na bi ɗaki-ɗaki ina kankare fenti da wuƙa ina ɗora ɗaya bakin a kan ƙarfe. Ɗaki na ɗaya allura ta tafi ta kwanta kusa da sifili, na biyu ma haka. A na uku ko motsi ba ta yi ba.

Ban sha wahala ba na gano. A saman ƙofar banɗaki tsatsa ta ci bututun, Murtala ya yanke wurin ya sa na roba, ya shafa fenti ya yi kyau abinsa. Ɗakuna huɗu da kicin duk ya raba su da ƙasa. Na wanke shi tas a gaban mai gida. Na ce masa irinsu ne ke kashe mutane da hannu mai tsabta, na ce in bai san aikin bututu ba ya koma sayar da ƙwai da soket, can ma ana cin abinci.

Shi kuwa maimakon ya ji haushi sai ya shiga lallaɓa ni da yabon Baba. Wai shi ma ya san aikin manya, ai ya taɓa sa hannu a wayarin Baba, Malam Ɗayyabu, kuma bai taɓa ganin zaren bakin bututu mai kyau irin nasa ba. Na tambaye shi a ina. Ya ce ai a gidanmu, shi ya haɗa wa Hajiya Hasana sabuwar mita shekara shida da suka wuce, lokacin da aka raba gidan.

Na ce, "Ka kafa mata sanda?"

"Sanda kuma, Baba Gambo? Ai akwai ta Malam a gindin lemo. Kan bututunsa na ɗaura kawai."

Na tambaye shi ko ya auna. Ya yi 'yar dariya ya ce wa zai auna aikin Malam Ɗayyabu.

Bishiyar lemon tana ɓangarena. Bututun kuma ni na yanke shi da hannuna.

Hasana yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tagwaye ne ita da Usaina, Usaina ta rasu tun ba a yaye ta ba, ni na biyo bayansu, shi ya sa ake ce min Gambo. Ita ta goya ni. Ta yi aikin jinya a asibitin koyarwa har ta yi ritaya, da mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. Bayan rasuwar Baba na ce a bar gidan yadda ya bar shi, kowa ya zauna inda yake. 'Ya'yanta suka ce a'a, a fitar wa uwarsu nata a rubuce. Magana ta yi tsawo, wata safiya sai ga sammaci. Ni Gambo, a tsayar da ni gaban alƙali a kan gidan ubana, kuma sunan Yaya Hasana ne a jikin takardar. An raba, aka ba ni kashi biyu aka ba ta ɗaya, aka ja katanga ta ratsa tsakar gida, aka fasa mata ƙofa ta lungun baya. Ranar da magini zai ɗora bulo a inda bututun ya ratsa, na ce ya dakata. Na zare wayoyin, na ɗauko zarto na cire taƙi ɗaya, na ce masa ya rufe. Ita ba ta nan, ba wanda ya gani sai shi.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san abin da na yanke. Ina yanka ina faɗa wa zuciyata cewa duk wanda zai haɗa mata wuta ai zai kafa mata sandarta. Ban bi na duba ba. Na sake masallaci don kada in bi ta lungunta, na kuma yi wa 'yan unguwa kashedi cewa duk mai maganar wancan ɓangaren ya riƙe abarsa. Da matata Safiyya ta rasu shekara huɗu da suka wuce an ce min Yaya ta zo ta zauna cikin mata kwana uku. Ban leƙa ba. Allah bai ba mu haihuwa ba ni da Safiyya, saboda haka tun daga lokacin ni kaɗai ne a ɗakuna biyar, sai ƙadangaru.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ina sauraron katangar. Da safe ina jin an buɗe famfo, ina jin tsintsiya, ina jin rediyo ƙasa-ƙasa. In na ji tari sai in ce sanyi ya kama ta, in na ji ƙamshin miyar kuka ya tsallako sai in ce yau Yaya ta yi irin ta Inna. Ina jin haushinta, kuma ina jin daɗin tana nan. Da wannan nake karya kumallo.

Ban ƙarasa aikin Alhaji Sanusi ba. Na ce masa kada ya kuskura ya kunna wuta sai na dawo, na naɗe wayata na tari Adaidaita. Duk tsawon hanya ina lissafin abin da ke gidanta mai jikin ƙarfe. Tana da firiza, don tun tana aiki take yin ƙanƙarar zoɓo. Tana da dutsen guga, tana da rishon wuta. Kuma na san ta, ba ta son takalmi a tsakar gida, tun muna yara Inna ke faɗa da ita a kai.

Na isa gida wajen ƙarfe biyu. Na tsaya a gindin lemo na kasa gaba na kasa baya. Wallahi da za a ce in hau falwaya da ruwan sama ya fi min sauƙi a kan in je ƙofar nan in yi sallama. Me zan ce? In ce Yaya na zo duba abin da na lalata? Sai na yi wa kaina dabara. Na tone bakin sandar, na goge ta har ta yi ja, na maƙala wayata, na ɗauki katakon da sauran naɗin na wurga shi ta saman katanga. Na ji faɗuwarsa a can. Wayar nan ta Baba ce, ba zan bar ta a gidan kowa ba, dole in zaga.

Daga ƙofata zuwa tata tafiyar minti huɗu ce, ka fita titi, ka wuce inda 'yan Adaidaita ke tsayawa, ka wuce mai kemis, ka karya hagu. An yi wa ƙofar koren fenti. Na yi sallama sau biyu.

Wata mata ce ta buɗe, ba za ta wuce talatin ba, da farin wandon asibiti a ƙasan hijabinta, katakon wayata a hannunta. Ta dube ni ta dubi jakata, ta rusuna ta gaishe ni da sunana. Ta ce sunanta Zainab, a ƙarƙashin Hajiya ta koyi aiki, yanzu ita da mahaifiyarta ke zaune a gidan. Na ce ina Hajiyar take.

"Baba, ba ka sani ba? Ai wata bakwai ke nan ba ta nan."

Ta shigar da ni, ta shimfiɗa min tabarma, ban zauna ba. A tsaye na ji labarin. Da daminar bara ne, an ɗauke ruwa da la'asar, tsakar gida a jiƙe. Hajiya ta yi alwala ta je za ta ɗebo ƙanƙara ƙafa ba takalmi. Tana kama murfin firiza wuta ta riƙe ta, sannan ta yi jifa da ita a kan dakalin famfo. Ƙashin ƙugunta ya karye. An yi aiki sau biyu bai kama yadda ake so ba, yanzu tana gidan 'yarta a Ƙauyen Alu, sai an ɗaga ta ake zaunar da ita.

Nan na tuna. Da daminar bara Mubarak, babban ɗanta, ya zo ƙofata, rigarsa a jiƙe, ya ce Kawu magana ce a kan Umma. Na ce masa in takarda ce ya kai wa alƙali, na tura ƙofa. Ya daɗe a tsaye ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan ƙofar.

Ashe wata bakwai famfon da nake ji, da tsintsiyar, da tarin, duk na wasu ne. Na tsaya ina kallon tsohuwar da ke zaune a bakin ɗakin Inna tana tsince shinkafa, ban taɓa ganinta ba a rayuwata, kuma ita nake yi wa addu'ar sauƙi in ta yi tari.

Zainab ta ce su ma suna jin wutar tana ɗan tsikarinsu in sun taɓa murfin soket ɗin kicin. Hajiya ta bar musu doka, kada kowa ya taɓa kayan wuta sai da silifas, firizar kuma an zare ta, tukwane suke ajiyewa a ciki. Ta kuma ce musu in abin ya yi yawa akwai mai wayarin a bayan katangar nan, babu kamarsa a unguwar, amma kada su ce ita ta ce. Su kuma da suka ji yadda ake ba da labarina a lungu sai suka gwammace silifas ɗin.

Na kashe makunninsu, na fito da mita, na kankare bututun kicin na ɗora waya. Na san abin da zan gani, amma na auna, don haka aka koya min. Allurar tana nan inda take kamar an manne ta. Na bi ɗakin Inna, na bi banɗaki, na bi soket ɗin firiza. A tsakaninsu duk a haɗe suke, zaren Baba bai saki ko ɗaya ba bayan shekara hamsin. Da ƙasa ne kawai ba su haɗu ba.

Na ɗauko guduma da kurfi na fara fasa katangar a daidai inda bututun ya shige. Bulon ya yi tauri, maginin bai yi ha'inci a siminti ba. Zainab tana tsaye a bayana tana kwashe ɓaraguzan da faranti. Da na kai tsakiya sai ga bakin bututun ya fito, da sawun zarto a karkace, ya yi tsatsa, gabansa kuma babu komai sai turɓaya. Ta leƙa ta gani.

Ta ce, "Au, dama a yanke yake?"

Na ce a yanke yake, kuma ni na yanke.

Can sai ta ce akwai abin da ba ta gane ba sai yanzu. Lokacin da take zuwa wurin Hajiya in ta taso daga aiki, duk ranar da ta tarar an sauke tukunya, sai ta ga Hajiya ta zuba abinci a wani kwano mai murfi, ta ɗauki cokali ta buga bututun kicin sau biyu, ta zauna. In la'asar ta yi sai ta tura wa Zainab kwanon ta ce ta cinye. Ta taɓa tambayarta, ta ce sabo ne kawai. Ta tambayi Mubarak, ya ce tun rasuwar matar Kawu Umma ta fara.

Gudumar ta yi min nauyi na ajiye ta. Wannan bugun na Inna ne. Bututun daga kicin ya taso, ya bi ta soro inda Baba ke aiki, ya ƙare a ɗakin samari inda nake kwana har yau. In abinci ya nuna Inna ba ta ɗaga murya, cokali take sawa ta buga sau biyu, duk inda kake a gidan za ka ji. Da hannun Inna ya fara rawa Yaya ta karɓa. Ita ba ta san na yanke ba, ba ta nan ranar. Shekara uku da wani abu tana kirana cin abinci, tana zaune tana jira, tana ganin ina ji na ƙi zuwa. Ni kuma a lokacin ina can gindin lemo da garin kwaki a kofi ina cewa ko sau ɗaya ba ta neme ni ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, a gaban yarinyar da da Allah ya ba ni haihuwa da na haifi kamarta. Ta juya ta shiga kicin ta ba ni wuri.

Aikin bai kai awa biyu ba. Na ƙarasa huda katangar har na hango lemona ta ramin. Na zaga gida na ɗauko guntun bututu cikin ragowar na Baba, na gyara bakin tsofaffin biyun, na yi musu zare, na ɗaure da mahaɗi na matse har hannuna ya yi ja. Na buɗe bayan firizar na samu wayar da ɓera ya ci ta kwanta a jikin ƙarfe, na sake ta. Soket ɗin kicin ma waya ce ta goge a jikin akwatin. Sannan na dawo da mita. Wannan karon ban sa maƙali ba, na ce wa Zainab ta riƙe min bakin wayar a kan ƙarfen, ni ina kallon allura. Ta tafi ta kwanta dab da sifili. Muka bi ɗakunan duka, ko'ina haka. Abin da zai ɗauke ni awa biyu ke nan, da na zago shekara shida da suka wuce.

Ina haɗa kaya ta tambaye ni ko ta kira Hajiya ta faɗa mata an gyara. Na ce ta kira. Ta miƙo min wayar na girgiza kai.

Na ce, "Ki ce mata ban taɓa ji ba. Ki ce Gambo ya ce wallahi ko sau ɗaya bai ji ba. Ki faɗa mata dalili, kada ki rage komai."

Ta matsa bakin famfo ta yi magana a hankali. Na ji ta faɗi zarto, na ji ta faɗi sanda. Sai ta daɗe da waya a kunne har ta duba ko ta katse ne. Daga baya ta ce to, to Hajiya, ta sauke.

Na ce me ta ce.

"Ta ce in tambaye ka wa yake dafa maka abinci."

Na jira ko akwai saura. Zainab ta ce shi ke nan, daga nan 'yarta ce ta karɓi wayar ta ce Umma ta gaji, an kwantar da ita.

Na ce mata gobe zan zo da siminti in toshe ramin. Sannan na roƙe ta abu ɗaya, na ce awon ƙarshe ne, in ta ƙiyasta na isa gida ta sa cokali ta buga bututun kicin sau biyu. Ba awo ba ne, ita ma ta sani, amma ta ce to Baba.

Na bi ta gaban mai kemis, na wuce 'yan Adaidaita, wani ya gaishe ni ban gane ko waye ba. Na shiga gida na ajiye jaka a soro, na wuce ɗakina na zauna a bakin gado da ƙurar bulo a jikina. Rana ta yi sanyi, ba a kira magariba ba tukuna. Gidan tsit, sai kaji na maƙwabta.

Sai ga shi, sau biyu, a saman kaina. Ya yi ƙara fiye da yadda nake tunawa, ko barci nake da sai ya tashe ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai da ruwa ya zubo min na gane ina tsaye a bakin famfo ina wanke hannu.